Vittorio Sella, Mai Ɗaukan Hoton Duwatsu

An haifi Vittorio Sella a garin Biella, a arewacin ƙasar Italiya, cikin shekarar 1859. Garin nan yana gindin manyan duwatsun da a ke kira Alps. Gidansu masu masaƙar ulu ne. Ubansa masani ne a kan ɗaukan hoto, har ya rubuta littafi a kansa. Baffansa kuwa, Quintino Sella, shi ya kafa ƙungiyar mahaya duwatsu ta Italiya a 1863. Saboda haka yaron ya tashi da son abu biyu, watau hoto da hawan dutse.

A zamanin nan ɗaukan hoto aiki ne mai wuya. Akwatin hoton babba ne, mai nauyi, sai an kafa shi bisa ƙafafu uku. A kan faifan gilas wanda aka shafa wa magani a ke ɗaukan hoton. Faifan da Sella ya fi so, faɗinsa wajen inci 12 ne, tsawonsa wajen inci 16. Haka shi da 'yan dakonsa za su yi ta hawa da wannan kaya cikin sanyi da dusar ƙanƙara. In santsi ya kwashe mutum ɗaya, gilas ya fashe, wahalar kwana da kwanaki ta tafi a banza.

To, mutum in ya hau ƙwanƙolin dutse ya kan hangi ƙasa gabas da yamma, kudu da arewa, amma akwatin hoto ba ya ganin wannan duka gaba ɗaya. Ga dabarar da Sella ya kan yi. Sai ya kafa akwatinsa ya jira gajimare ya yaye. Ya ɗauki hoto ɗaya, ya juya akwatin kaɗan, ya ɗauki na biyu, haka har ya ƙare abin da ya ke so. In ya koma gida ya wanke su, sai ya jera su baki da baki, su zama hoto ɗaya dogo. Mai dubansa sai ka ce shi ma yana tsaye a kan dutsen.

Sella ya yi yawon duniya ƙwarai. Ya je duwatsun Kokasas sau uku, a 1889 da 1890 da 1896. Sa'an nan wani ɗan sarautar Italiya, Luigi Amedeo, ya riƙa tafiya da shi. Suka je Alaska a 1897. A 1906 suka zo Afirka, suka hau duwatsun Ruwanzori da ke tsakanin Yuganda da Kwango, inda hazo da ruwan sama su kan rufe duwatsun kusan kullum. A 1909 kuma suka je gindin K2, dutse na biyu a tsawo a duniya, mai ƙafa 28,251. Ba su kai ƙwanƙolinsa ba, amma waɗanda suka zo daga baya sun amfana da hotunansa wajen neman hanya. Sai a 1954 mutanen Italiya suka kai can.

Tsufa bai hana shi hawa ba. Yana da shekara 76 ya sake gwada hawan dutsen Matterhorn, amma ɗaya daga cikin jagororinsa ya ji ciwo, sai suka komo. Ya rasu a Biella a 1943.

Har yanzu ana ajiye da hotunansa a garinsu, kuma akwai wani ƙwanƙoli a Ruwanzori da a ke kira da sunansa. Masana su kan gwada hotunansa na 1906 da na yanzu, su ga yadda ƙanƙarar Ruwanzori ta narke, saura kaɗan. Kun gani, yara, aikin da aka yi da haƙuri ya kan yi amfani ko bayan ran mai shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗaukan hoto ya ke da wuya a zamanin Sella?
2. Yaya ya kan haɗa hoto dogo?
3. Wane amfani hotunansa su ke yi yau?