Peter Norman: Ɗan tseren Ostireliya da bai kauce wa tambayar 'yan jarida ba

Wanda ya taɓa kallon kokawa a bikin kamun kifi na Argungu ya san ɗan wasa da kirari. Amma da an miƙa wa ɗan wasan zamani makirufo aka yi masa tambaya mai zafi, sai ya koma godiya ga koci da abokan wasa. Peter Norman bai bi wannan hanya ba.

An haife shi ranar 15 ga Yunin 1942 a birnin Melbourne, cikin gidan Kiristoci masu riƙo da addini. Ya fara koyon fawa kafin ya zama malamin makaranta.

Ranar 16 ga Oktoban 1968, a gasar Olamfik ta Meziko, ya zo na biyu a tseren mita 200 cikin daƙiƙa 20.06. Baƙaƙen fatar Amurka biyu, Tommie Smith da John Carlos, su ne na ɗaya da na uku.

Kafin a ba da lambobin yabo, sun shaida masa za su ɗaga hannu a dunƙule don nuna adawa da wariyar launin fata. Norman ya mara musu baya, ya ari bajen fafutikarsu ya maƙala a ƙirji. Da Carlos ya manta safar hannunsa, shi ya ba da shawarar su raba ta Smith.

Da 'yan jarida suka tare shi, bai ce wasa daban siyasa daban ba. A taƙaice ya ce duk ɗan'adam daidai aka haife shi, alhali a lokacin ƙasarsa ba ta gama soke dokokin fifita Turawa wajen shige da fice ba.

Ba a tafi da shi gasar Munich ta 1972 ba. Magoya bayansa na ganin hukunta shi aka yi, hukumar Olamfik ta ƙasar kuma ta musanta, tana cewa bai kai matakin da ake nema ba a gasar zaɓe. Daga baya raunin agara ya kusa sa a yanke masa ƙafa, ya kuma yi fama da ƙuncin rai.

Ya rasu ranar 3 ga Oktoban 2006 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 64. Smith da Carlos suna cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Sai a 2012 majalisar dokokin ƙasar ta nemi afuwarsa.

Tarihin da ya kafa a Meziko ya yi shekara 56 ba ɗan Ostireliya da ya karya shi, sai matashi Gout Gout a Disamban 2024.

A Jami'ar San Jose da ke Amurka akwai mutum-mutumin Smith da Carlos. An bar gurbin Norman ba kowa bisa buƙatarsa, domin duk mai ziyara ya hau ya tsaya a inda ya tsaya.