Renato Righetto: Alƙalin wasan da daƙiƙa 3 suka shafe tarihinsa

An haifi Renato Righetto a ranar 30 ga Janairun 1921 a birnin Campinas na jihar Sao Paulo, ƙasar Brazil. Zanen gine-gine ya karanta, ita ce kuma sana'arsa, amma alƙalancin ƙwallon kwando ne ya fito da sunansa duniya. Tsakanin 1960 da 1977 ya busa usur a wasannin ƙasa da ƙasa fiye da 800, ciki har da gasar Olamfik guda 4 a jere: ta Rum a 1960, ta Tokiyo a 1964, ta birnin Meziko a 1968, sai ta Munich a 1972.

A Munich ɗin ne, a daren 9 ga Satumba, aka danƙa masa wasan ƙarshe tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, tare da Artenik Arabadjian ɗan Bulgeriya. Tun da aka shigar da ƙwallon kwando cikin Olamfik a 1936 ba a taɓa cin Amurka ba. Wasa 63 ta yi tana nasara.

Saura daƙiƙa 3 a tashi, Doug Collins ya zura jifa biyu da aka ba shi saboda ketar da aka yi masa, Amurka ta shige gaba da maki 50 da 49. 'Yan Sobiyet suka sako ƙwallo, amma Righetto ya tsayar da wasa ana saura daƙiƙa 1, domin masu horar da su sun tayar da hayaniya a teburin masu ƙidaya, suna cewa sun nemi hutun shawara ba a ba su ba.

Nan ne babban sakataren Hukumar Ƙwallon Kwando ta Duniya, FIBA, wato William Jones, ya sa baki, ya ba da umarnin a mayar da agogo daƙiƙa 3, alhali doka ba ta ba shi wannan hurumi a cikin fili ba. Aka sake sako ƙwallo tun ba a gama saita agogon ba, ƙararrawa ta kaɗa, 'yan Amurka suka ɓarke da murna. Sai aka ce a sake. A karo na uku Ivan Edeshko ya wurga ƙwallo tun daga wancan ƙarshen fili zuwa hannun Alexander Belov, shi kuma ya zura ta a kwando. Aka tashi Sobiyet 51, Amurka 50.

Amurka ta ɗaukaka ƙara, kwamitin mutum 5 ya yi watsi da ita da ƙuri'a 3 da 2. 'Yan wasanta 12 suka ƙi karɓar lambar azurfa. Ko da yake umarnin da ya sauya sakamakon daga sama ya zo, sunan Righetto ne ke kan takardar wasan a matsayin alƙali, don haka duk lokacin da aka tayar da zancen, da shi ake haɗawa.

Wannan bai sa ya ajiye usur ba, sai da ya ƙara shekara 5 yana alƙalanci. Ya rasu a Campinas ranar 18 ga Nuwamban 2001 yana da shekara 80. A 2007, da FIBA ta buɗe zauren karrama gwarazanta, ta sanya shi cikin rukunin farko na alƙalan wasa.