Sista Jenebiyeb (1869–1959), Wadda Ta Adana Mana Fuskar Waliyiya Tereza

Dukanmu mun san fuskar Waliyiya Tereza ta Yaro Yesu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san wadda ta ɗauki yawancin hotunanta. Yayarta ce, Selin Martin, wadda aka haifa a garin Alanson na ƙasar Faransa ran 28 ga Afrilu, 1869.

A watan Nuwamba na 1887 su biyu suka bi mahaifinsu, Luwi Martin, ziyarar ibada zuwa Roma. Sun yi addu'a a filin Kolosiyum, inda ake tunawa da shahidai, sun shiga makabartun Kiristocin farko na ƙarƙashin ƙasa, sun kuma ga tsofaffin majami'un Loreto da Asisi. Da Tereza ta shiga gidan zuhudu na Karmel a Liziyo cikin 1888, Selin ta zauna tana hidimar mahaifinsu har ya rasu a watan Yuli na 1894. A watan Satumba ita ma ta shiga, daga baya aka ba ta suna Jenebiyeb. Abin mamaki, a gidan da 'yan zuhudu ke rufe fuska ga baƙi a wancan zamani, shugabanni suka yarda ta shigo da na'urar ɗaukar hotonta.

Na'urar akwati ce da ake ɗorawa a kan ƙafafu, hoton kuma a jikin farantin gilashi yake kamawa. Hasken rana kaɗai ta dogara gare shi, shi ya sa yawancin hotunan a tsakar gida da lambu aka ɗauke su, kuma dole wanda ake ɗauka ya tsaya cik ba motsi. Ran 7 ga Yuni, 1897, tarin fuka ya riga ya ci ƙarfin Tereza, amma ta daure har sau uku, tana riƙe da hoton Yaro Yesu da na Fuska Mai Tsarki. Wata huɗu ba su cika ba ta rasu, ran 30 ga Satumba.

Selin mai zane ce kuma, a nan ne muke ganin ƙauna ta rinjayi gaskiya. Ta riƙa gyara fuskar ƙanwarta da alƙalami da fenti, tana tausasa ta, don ta yi imani cewa haka ya fi nuna halinta na ciki. Irin waɗannan hotuna ne suka bazu a duniya sa'ad da Paparoma Piyus na 11 ya ɗaga Tereza zuwa matsayin waliyiya a 1925, har wasu suka zaci tsarkinta ba wahala a ciki. Sai dai muna gode mata da ba ta lalatar da farantan asali ba.

Ta rasu ran 25 ga Fabrairu, 1959, tana dab da cika shekara 90. A 1961 aka buga hotuna 47 na Tereza ba tare da gyara ba, aka ga fuskar budurwa mai ƙarfin hali, wadda gajiya da ciwo suka bayyana a idanunta.