Umaru Ɗan Abdul'azizu: Halifan Da Ya Kashe Fitilar Baitulmali

A wannan mako za mu waiwayi tarihin Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, Allah ya yi masa rahama, wanda malamai da yawa suke lissafa shi na biyar ga halifofi shiryayyu. Mulkinsa bai wuce shekara 2 da wata 5 ba, amma har yau da shi ake buga misali in ana zancen adalci. Wanda ya bi tarihinsa a hankali zai ga daga ƙananan abubuwa adalcin nan ya taru, da yayyafi kuwa kogi kan cika.

Masu tarihi sun ruwaito cewa wani dare Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi yana zaga Madina, sai ya ji wata mai sayar da madara tana umurtar 'yarta ta surka madarar da ruwa, tun da halifa ba ya ganinsu. Yarinyar ta ƙi, ta tuna wa uwar cewa Allah yana gani. Da gari ya waye sai ya sa aka bincika, ya aurar da ita ga ɗansa Asimu. 'Yar da suka haifa, wato Ummu Asim, ita ce ta auri Abdul'azizu ɗan Marwan, wanda daga baya ya zama gwamnan Masar, ta haifi Umarun nan wajen shekara ta 61 bayan Hijira.

Mahaifinsa ya sa shi karatu a Madina, a hannun Malam Salihu ɗan Kaisan. An ce wata rana ya makara sallar jam'i domin ana taje masa suma. Malamin ya rubuta wa uban, uban kuwa ya aiko manzo daga Masar aka aske masa kai ƙwal. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A shekara ta 87 (706 Miladiyya) Halifa Walidu ya naɗa shi gwamnan Madina. Da isarsa sai ya tara malaman fiƙihu 10 na birnin, cikinsu har da Urwatu ɗan Zubairu da Ƙasimu ɗan Muhammadu, ya mai da su mashawartansa. A shekara ta 93 aka sauke shi, bayan Hajjaju ya kai ƙara cewa mutanen Iraƙi suna gudowa wurinsa neman mafaka.

Da Halifa Sulaimanu ya rasu a shekara ta 99 (717), sai aka tarar ya bar wasiyya cewa Umaru ne magajinsa. Mutumin da aka sani da tsadaddun tufafi da ƙamshin turare sai ya fara gyara daga cikin gidansa. Ya mayar da dukiyar da yake shakkar halaccinta, matarsa Faɗimatu 'yar Abdulmaliki ta miƙa kayan adonta ga baitulmali. In yana aikin jama'a da dare yakan kunna fitilar hukuma, in zance ya juya kan sha'anin gidansa sai ya kashe ta ya kunna tasa. Ya kuma rubuta wa gwamnan Madina, Abubakar ɗan Hazmu, ya fiƙe alƙalami ya matse layuka don kada a ɓarnatar da takarda.

Wannan hali shi ya ba shi bakin tsawata wa danginsa Banu Umayya su mayar da abin da suka ƙwace. Ya hana zagin Sayyidina Aliyu a kan mumbari, ya ɗauke jiziya daga waɗanda suka musulunta, sa'an nan ya ba da umurnin tattara hadisai a rubuce. Ya rasu a Dairu Sam'an, ƙasar Sham, cikin watan Rajab na shekara ta 101 (720), yana da shekara wajen 40.

To, ya kai ma'aikaci, ko hakimi, ko ɗan kasuwa, kowannenmu yana da tasa fitilar: takardar ofis, motar aiki, mudun awo, lokacin zuwa aiki. Wanda bai kiyaye amana a kan waɗannan ba, da wuya ya kiyaye ta ranar da aka damƙa masa jama'a. Allah ya jiƙan Umaru, ya ba mu ikon koyi da shi, amin.