Rufaida Al-Aslamiyya, Mai Hemar Jinya A Masallacin Manzon Allah

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin sahabbai mata akwai wata baiwar Allah wadda aka san ta da aikin hannunta, watau Rufaida, Allah Ya yarda da ita. Ita ce mai hema, watau tanti, a cikin masallacin Manzon Allah (S.A.W.) a Madina, inda take jinyar waɗanda suka ji rauni da waɗanda ciwo ya kayar. Muhammadu ɗan Ishaƙ ya ambace ta a cikin tarihin Annabi, kamar yadda Ibn Hisham, wanda ya rasu a shekara ta 218 bayan Hijira, ya tattara shi. Imam Bukhari ya kawo labarinta a cikin Al-Adabul Mufrad, sa'an nan Ibn Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852, ya sa ta cikin jerin sahabbai a littafinsa Al-Isaba, ya danganta ta ga Ansar ko ga ƙabilar Aslam. Ibn Ishaƙ shi kam ya tsaya a kan cewa mace ce daga Aslam, kuma da wannan dangantaka ta fi shahara. Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a shekara ta 230, ya kawo wannan aiki da wannan hema a ƙarƙashin sunan Ku'aiba 'yar Sa'ad Al-Aslamiyya, shi ya sa waɗansu suka ɗauke su mace ɗaya mai suna biyu, waɗansu kuwa suka ce 'yan'uwa ne.

Sunan nata ma abin lura ne ga mai sha'awar Larabci. Asalinsa daga kalmar rifdu ne, wadda ke nufin kyauta da taimako da tallafi, aka ƙanƙanta ta irin yadda Larabawa ke yi wa sunaye don ƙauna. Daga wannan tushe aka sami rifada, ciyar da alhazai da Ƙuraishawa ke yi a Makka tun kafin Musulunci. Har ila yau rifada suna ne na ƙyallen da ake naɗewa a danne miki da shi don jini ya tsaya. Da wuya a sami sunan da ya dace da mai shi kamar wannan.

Marubutan zamani sun ƙara abubuwa da yawa a kan labarinta. Sun ce mahaifinta mai magani ne kuma a wurinsa ta koya, sun ce ta buɗe makarantar koyar da mata jinya, har sun ce ta tsara musu dokokin aiki. Littattafan farko da aka ambata a sama sun tsaya ne a kan abu kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ya ishi mai hankali, domin ba a girmama sahabi da abin da ba a ruwaito ba.

Don a gane girman abin da ta yi, sai a duba halin da Madina take ciki a shekarun farko na Hijira. Gari ne mai zazzaɓi, har Sayyidina Abubakar da Bilal sun kwanta ciwo da isowarsu, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari. Muhajirai da yawa sun baro iyaye da mata da dangi a Makka. Matalautan cikinsu a Suffa suke kwana, watau rumfar da ke jikin masallaci. A al'adar Larabawa kuwa, marar lafiya na danginsa ne, uwarsa ko matarsa ko 'yar'uwarsa ke zama a kansa. To, wanda ba shi da kowa fa? Ibn Ishaƙ ya siffanta Rufaida da abu biyu: tana yi wa masu rauni magani, kuma ta ba da kanta, tana neman lada a wurin Allah, ga hidimar duk Musulmin da ya tagayyara ba shi da mai kula da shi. Siffa ta biyun nan mutane kan wuce ta da sauri, alhali kuwa ta fi ta farko nauyi, domin rauni na zuwa ne ranar yaƙi, amma tagayyara kullum tana nan.

Ba ita kaɗai ce macen da ta taɓa jinin masu rauni a wannan zamani ba. Ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, Anas ɗan Malik ya ga Nana A'isha da Ummu Sulaim suna ɗauko salkunan ruwa a bayansu suna shayar da mutane, in ruwa ya ƙare su koma su ciko. A ranar ce Nana Faɗima ta wanke raunin fuskar mahaifinta (S.A.W.), Sayyidina Ali yana zuba ruwa, da ta ga ruwan ba ya ƙara wa jinin komai sai zuba, ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar a wurin, jini ya tsaya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke shayar da mayaƙa, su yi wa masu rauni magani, su komo da su Madina. Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi bakwai tana tsare kayan mayaƙa, tana dafa abinci, tana jinya. Dukansu aikin ranar buƙata suke yi, in ƙura ta lafa kowa ta koma ɗakinta. Abin da ya raba Rufaida da su shi ne ta mayar da jinya aiki tsayayye, mai wuri sananne, wanda in mutum ya ji ciwo an san inda za a kai shi, kuma an san wadda za a tarar a can.

A watan Shawwal na shekara ta 5 bayan Hijira, daidai da 627 Miladiyya, Ƙuraishawa da Gaɗafan da magoya bayansu suka yi wa Madina taron dangi, su wajen dubu 10, Musulmi kuwa kimanin dubu 3. Bisa shawarar Salmanul Farisi aka haƙa gwalalo ta gefen da garin yake buɗe, aka zauna kusan wata guda cikin sanyi da yunwa, ana musayar kibau. An tara mata da yara a gidaje masu ganuwa. Nana A'isha tana ganuwar Banu Harisa tare da mahaifiyar Sa'ad ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Aus, sai ga Sa'ad ya wuce sanye da sulke gajere wanda ya bar damtsensa a waje. Nana A'isha ta nuna wa uwar cewa da ma sulken ya fi haka tsawo. Abin da ta ji tsoro kuwa shi ya faru. Wani Baƙuraishe da ake kira Ibnul Ariƙa ya harbe shi da kibiya, ta yanke jijiyar da Larabawa ke kira akhal, wadda ke tsakiyar hannu, wadda suka sani in ta yanke jini ba ya tsayawa da sauƙi. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (S.A.W.) da hannunsa ya yi wa wurin lalas da bakin kibiya, hannun ya kumbura, ya sake yi masa karo na biyu.

Sa'ad ba marar gata ba ne. Shugaba ne, yana da uwa a raye, yana da iyali, ga dukan Banu Abdil Ash'hal a bayansa. Duk da haka Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci mutanensa su sa shi a hemar Rufaida, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Hemar da take karɓar wanda ba shi da kowa, ita aka zaɓa wa shugaban Aus. Wannan shaida ce babba a kan hannun matar, domin ba a kai irin wannan rauni wurin wanda ba a gwada ba. Mahmudu ɗan Labid ya ba da labari cewa Annabi (S.A.W.) yakan biyo ta wurinsa da maraice ya tambaye shi yadda ya wuni, da safe kuma ya tambaye shi yadda ya kwana, shi kuwa Sa'ad ya gaya masa.

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti a kan ɗan'uwansa zai gane wannan tsari. Mai ciwo mai tsanani ana ajiye shi ne inda ido ke kansa, kusa da teburin ma'aikatan jinya, domin jinin da ya ɓalle cikin dare ba ya jiran gari ya waye. Ana zagayawa safe da yamma, a tambayi marar lafiya da bakinsa, a gwada halinsa na yau da na jiya. Likita yakan zo ya duba ya wuce, amma wanda ke zaune a kan marar lafiya shi ke fara ganin canji, shi ya sa gyaran aikin asibiti sau da yawa daga masu jinya yake tasowa. Turawa suna tunawa da Florence Nightingale, wadda ta tafi asibitin sojan Ingila a Iskutari, a ƙasar Turkiyya, a shekarar 1854 lokacin yaƙin Kirimiya, ta tsaya a kan tsabta da abinci da ƙidayar masu mutuwa da dalilin mutuwarsu, sa'an nan ta kafa makarantar jinya a London a 1860. Matar ta cancanci yabon da ake yi mata, ba a rage mata komai. Sai dai tsakanin yaƙin Gwalalo da zuwanta Iskutari akwai shekara fiye da 1,200. A tsakanin nan kuma Musulmi sun gina manyan asibitoci, irin wanda Ahmadu ɗan Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872, da na Sarki Ƙalawun a Alƙahira a 1284, mai ɓangaren maza dabam, na mata dabam.

Sa'ad ya roƙi Allah cewa in akwai sauran yaƙi da Ƙuraishawa Ya raya shi dominsa, in kuwa ya ƙare Ya sa raunin nan ya zama shahadarsa, amma kada Ya ɗauki ransa sai ya ga ƙarshen al'amarin Banu Ƙuraiza, waɗanda suka warware alkawari ana tsakiyar tsare gari. Jinin ya tsaya. Aka tsare Banu Ƙuraiza kwana 25, har suka sauka a kan hukuncin Sa'ad. Daga hemar Rufaida mutanensa suka ɗauko shi, suka ɗora shi a kan jaki, suka shimfiɗa masa matashi na fata, domin mutum ne mai jiki. Ya yanke hukuncinsa, aka komo da shi. Mutumin da aka kawo jijiya a yanke ya yi kusan wata guda a hannun wannan mata, har ya iya zama a kan dabba ya saurari shari'a da cikakken hankalinsa.

Bayan haka raunin ya fashe. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa akwai wata hema ta mutanen Banu Gifar a cikin masallacin, ba abin da ya firgita su sai jini da suka gani yana gangarowa wajensu, suka tambaya daga ina, ashe raunin Sa'ad ne ke kwarara. A ruwayar Mahmudu ɗan Labid, da jikinsa ya yi nauyi danginsa suka ɗauke shi zuwa gidajensu, Annabi (S.A.W.) ya bi su da sauri har igiyoyin takalman sahabbai suna tsinkewa. Sa'ad ya cika yana da shekara 37, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Al'arshi ya girgiza don mutuwarsa. Marar lafiyar da ya sa tarihi ya riƙe sunan Rufaida bai tashi ba, kuma babu wani daga cikin masu ruwaya da ya ga laifinta, domin abin da ke wuyan mai jinya shi ne kulawa, ajali kuwa na Allah ne.

Malaman fiƙihu ba su bar waɗannan labarai sun wuce a banza ba. Imam Bukhari ya ɗaura babi a Littafin Salla a kan kafa hema a masallaci domin marasa lafiya, ya ɗaura wani a Littafin Jihadi a kan mata su yi wa masu rauni magani, da wani a Littafin Magani a kan ko namiji zai yi wa mace magani, mace kuma ta yi wa namiji. Ibn Hajar a cikin sharhinsa Fat'hul Bari ya fitar da halaccin mace ta yi wa namijin da ba muharraminta ba magani in lalura ta kama. Abin mamaki ne a ga magidanci yana fushi don namiji ya karɓi haihuwar matarsa a asibiti, alhali shi ne ya hana 'yarsa shiga makarantar jinya da ungozoma. In 'ya'yan Musulmi mata ba su koya ba, wa zai tsaya a ɗakin?

A shekara ta 7 bayan Hijira, da Annabi (S.A.W.) zai fita zuwa Khaibar, waɗansu mata na Banu Gifar suka zo suka nemi izinin binsa don su yi wa masu rauni magani, su taimaki Musulmi da abin da suka iya, ya yarda musu. A cikinsu akwai yarinya Umayya 'yar Ƙais, wadda ya ba ta abin wuya daga ganima, ba ta rabu da shi ba har ta mutu. Abin da aka saba, kamar yadda Ibn Abbas ya bayyana a ruwayar Muslim, shi ne a ba matan da suka halarci yaƙi kyauta daga ganima, ba a yanka musu cikakken kaso. Amma Ibn Sa'ad ya ambaci mai hemar masallaci, da sunan Ku'aiba, cikin waɗanda suka halarci Khaibar, kuma Ibn Abdil Barr ya kawo daga Waƙidi cewa ita an ba ta kaso irin na namiji mayaƙi. Allah Ya ƙara mata yarda.