Tarihin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Likitan Yara

Mutumin da na zaɓa in ba ku tarihinsa ba Bakatsine ba ne, amma mu mutanen Kankiya da Kusada mun ci moriyar aikinsa. An haifi Olikoye Ransome-Kuti a Ijebu Ode cikin 1927. Ya koyi aikin likita a Dublin, daga baya ya zama farfesan cututtukan yara a Jami'ar Legas. Cikin 1985 aka naɗa shi Ministan Lafiya.

Abin da ya dame shi shi ne, masana suna birni, ƙyanda da gudawa kuwa suna kashe yara a ƙauye. Saboda haka cikin 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52, ya haɗa su da jami'o'i da makarantun koyon aikin lafiya, irin wadda muke da ita a Kankiya. Malamansu suka shiga karkara, suka yi shawara da jama'a, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka. Aka yaɗa allurar rigakafi, aka koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari.

Ya sauka daga minista cikin 1992, ya rasu a Landan cikin 2003. 'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda Allah ya kai shi jami'a a cikinmu, kada ya manta da hanyar ƙauyensu.