Jack Kirby: Mutumin da ya zana Black Panther, amma sai da ya yi shekaru yana neman a ba shi takardunsa

Yau ba labarin sabon fim ko sabuwar waƙa na kawo muku ba, tarihin wani mutum ne da ya rasu tun kafin a haife ni.

Lokacin da Black Panther ya fito a 2018, sai da na hau mashin daga Bebeji zuwa Kwanar Ɗangora aka tura min shi a waya. Na kalla ya fi sau biyar. A cikin sunayen ƙarshe, wanda yawancinmu ba ma tsayawa karantawa, na ga sunaye biyu: Stan Lee da Jack Kirby. Stan Lee kowa ya san shi, tsohon nan mai tabarau da yake leƙowa a fina-finan Marvel. To shi kuma Kirby wane ne?

An haife shi ranar 28 ga Agusta, 1917 a wata unguwar talakawa ta birnin New York a Amurka. Sunansa na yanka Jacob Kurtzberg. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi hijira daga Ostiriya, mahaifinsa a masana'antar ɗinki yake aiki. Bai yi wani dogon karatun zane ba, da kansa ya koya yana kwaikwayon zanen jaridu. Wannan ne ma ya sa labarinsa ya kama ni, don ni ma daga sakandare na tsaya.

Sana'arsa ita ce zana littattafan nan na labari cikin hotuna, waɗanda ake kira komik. Shi da abokinsa Joe Simon ne suka ƙirƙiri Captain America, wanda ya fito ɗauke da kwanan watan Maris 1941. Daga nan aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. A Turai, sanyin hunturun 1944 ya lalata masa ƙafafu har likitoci suka yi tunanin yankewa, amma ya warke. Da ya dawo, a 1947, shi da Simon suka fito da Young Romance, wanda ya buɗe kasuwar komik na soyayya. Kamar dai yadda littattafan soyayya suka cika Kano a zamanin iyayenmu.

Babban aikinsa ya zo ne a Marvel tare da Stan Lee: Fantastic Four a 1961, Hulk da Thor a 1962, X-Men da Avengers a 1963, sai Black Panther a 1966. Saurin hannunsa da ƙarfin zanensa suka sa ake masa laƙabi da Sarki. Amma sarautar ta baki ce kawai. Biyansa ake yi a kan kowane shafi, ya kai aiki, a ba shi kuɗinsa, shi ke nan. Ko littafin ya yi kasuwa, ba shi da kaso. A 1970 ya koma kamfanin DC, inda ya ƙirƙiri Darkseid, daga baya ya dawo Marvel ya yi Eternals a 1976.

Yanzu ga inda maganar take. Kowane shafi da kuke gani a littafi yana da uwa: babbar takarda mai kauri da mai zane ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya sa rubutun. Daga ita ake bugawa. Littafi za a iya buga dubu ɗari, amma takardar nan guda ɗaya ce tak a duniya. A wancan zamani kamfanoni ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Jibge su ake yi a sito, a yi kyauta da wasu, wasu su ɓata, wasu a sace.

Da masu tara kayan tarihi suka fara sayen irin takardun nan, sai masu zane suka ce a dawo musu da nasu. A 1984 Marvel ta aika wa masu zanenta takardar da za su sa hannu kafin su karɓa. Ta sauran gajeriya ce, amma ta Kirby shafi huɗu ce cike da sharuɗɗa, kuma shafukan zane 88 kacal aka yi masa tayi. Mutumin da ake ƙiyasin ya zana wa kamfanin tsakanin shafi 10,000 zuwa 13,000! Ya ƙi sa hannu. Abokan sana'arsa da masu karatu suka mara masa baya, suka yi ta matsa lamba. Sai a 1987, yana dab da cika shekara 70, aka dawo masa da kimanin shafi 2,000. Ga wanda ba shi da kaso a cinikin littattafan, takardun nan su ne dukiyar da zai ci a tsufa, ya kuma bar wa matarsa Roz da 'ya'yansu huɗu.

Me ke sa takarda ta yi daraja? Na farko, hannun wa ya zana. Na biyu, wane jarumi ne a ciki, kuma ko a nan ya fara bayyana. Bangon littafi da shafin da hoto ɗaya ya cika sun fi shafin da mutane ke zaune suna hira tsada. Sai lafiyar takardar, ko ruwa ya taɓa ta, ko ta yage. Na ƙarshe, a san hanyar da ta bi daga hannun mai zane zuwa hannun mai sayarwa, don akwai na sata, akwai na jabu. Don ku gane girman abin: a Janairun 2022, kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da shafi ɗaya na wani mai zane, Mike Zeck, mai nuna Spider-Man cikin baƙaƙen kaya, a kan dala miliyan 3.36. Shafi ɗaya fa!

Kirby bai ga wannan zamani ba. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1994 a California yana da shekara 76. A 2009 Disney ta sayi Marvel a kan kimanin dala biliyan 4. 'Ya'yansa suka shiga shari'a da kamfanin a kan haƙƙin mallaka, suka sha kaye a ƙananan kotuna, sannan aka yi sulhu a Satumbar 2014, ana dab da ganin ko Kotun Ƙoli za ta saurari ƙarar. Black Panther kaɗai ya tara sama da dala biliyan 1.3.

Da na gama karanta tarihinsa, wallahi abin da ya faɗo min a rai shi ne allon shagon askin kawuna a Tudun Wada. Wani dattijo ne ya zana shi da fenti, kawuna shida, kowanne da irin askinsa. Da bana ta kwamfuta ta shigo, aka cire allon aka tare akurkin kaji da shi har damina ta cinye shi. Ni da kaina na taya ɗauka. Ko sunan mai zanen babu wanda ya rubuta.

Haka muke yi da bangon tsofaffin littattafan Hausa, da fastocin fina-finan Kannywood na zamanin kaset, da rubutun labarin fim na hannu, da asalin faifan da mawaƙi ya rera a situdiyo. Ba na ce za su kai dala miliyan ba. Amma idan suka tafi, babu na biyu.

Don haka ɗan uwa mai zane, mai waƙa, marubuciya: riƙe asalin aikinka, sa sunanka da kwanan wata a jiki, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Kirby ya ƙi, shi ya sa 88 ta zama kusan 2,000.

Wanda yake da tsohuwar fasta ko allo a gida, daga Kiru har Doguwa, ya ɗauki hoto ya turo min, zan saka a nan tare da sunan wanda ya zana idan an sani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.